Muryar Yaya a Wayar Baba Isiyaku

Ba a rufe mako ba tare da wani saurayi ya tsaya a ƙofar shagona a nan Zango ya ce, "Kawu Garba, koya mini kutse." Kuna zaton aikin tsaron waya da ordinata, wato kwamfuta, zama ne a gaban allo, a daddanna maɓallai, ƙofa ta buɗe. Ba na korar kowa. Tsintsiya nake miƙa masa, in ya karɓa sai mu yi magana. Na gaji da maimaita bayani, shi ya sa na rubuta muku wannan.

Ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan. A Malanbil aka haife ni, na shigo Kwatano a bayan motar albasa. Na yi dako a kasuwa har kafaɗata ta yi kanta. Wata rana ruwan sama ya kora ni cikin wani siber a unguwar Saint-Michel, irin shagon da ake biya a zauna gaban ordinata a shiga intanet. Mai wurin sunansa Kosi, mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da zagi ba. Ya ga na daɗe a tsaye ina ɗigar da ruwa a kan dabensa, ya ce tunda na jiƙa, sai in goge. Na goge. Washegari na koma.

A kan maɓallan ordinata na koyi baƙaƙen boko. Kosi zai nuna harafi da ƙarshen biro, in faɗi sunansa, in na kuskure ya ƙwanƙwashe ni a bayan hannu. Faransanci kuwa a saƙonnin da na'ura ke fitarwa in ta lalace na koye shi. Har yau na fi iya karanta ƙorafin na'ura a kan jarida.

Aikin farko da nake tunawa na wata mata ce mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Ta zo tana faɗa, wai an shiga akwatin wasiƙunta, kuma a wurinmu kaɗai take buɗe shi. Kosi ya nuna mini ƙarƙashin tebur. Na shiga da rarrafe cikin ƙura da ɓawon gyaɗa, na bi igiyar maɓallai da yatsa har inda ta shiga bayan na'ura. A nan na ji wani abu, bai fi ƙwallon dabino ba, an soka shi tsakanin igiya da rami. Duk abin da mutum ya buga, shi yake haddacewa. Kosi ya ɗaga shi sama ya ce da guntuwar Hausarsa, "Ɓarawo ke nan. Ba ya da ƙafa." Daga ranar, kafin mu buɗe shago sai na bi bayan kowace na'ura da hannu. Rabin ilimina a ƙarƙashin tebur na same shi.

Sauran rabin, ɓarayin ne suka koya mini ba da saninsu ba. A lokacin 'yan damfara da yawa a siber suke aiki. In sun tashi, ni ke share abin da suka bari a na'ura. Kafin in share sai in karanta. Na ga yadda suke haɗa shafin ƙarya mai kama da na gaskiya, na ga yadda suke lallashin mutum. Abin da na lura da shi shi ne, ba su cika fasa ƙofa ba. Roƙo suke a buɗe musu, kuma ana buɗewa.

Manhajar farko da na rubuta, don in huta da sharar na'ura na yi ta. In mutum ya tashi daga kujera, ta goge duk sawunsa, ta rufe akwatin da ya manta a buɗe. Na kwaso ta ne guntu-guntu daga abin da wasu suka rubuta, ina canza layi in ga abin da zai fashe. Ranar da na fara gwada ta, ta goge har da hotunan auren ƙanwar Kosi. Bai yi mini magana ba sai da na nemo su. Nemo su ɗin ya koya mini abin da ya fi rubuta manhajar amfani.

Da wayoyin hannu suka cika gari, siber ya mutu. Kosi ya koma garinsu kiwon kaji, ya bar mini tsohuwar ordinata ɗaya da akwatin sukundireba. Na kama shago a Zango. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai ordinatar da ba ta taɓa shiga intanet ba, a kanta nake buɗe duk abin da ban yarda da shi ba. Akwai gilashin ƙara girma, da waya ta gwaji wadda na sha zuba wa cuta da gangan. Sai benci da butar shayi. Kada ku raina bencin nan. Wanda aka damfara ba ya faɗin gaskiya a tsaye, kunya ba ta barinsa. Sai ya zauna, ya sha kofi na biyu, sannan zai ce, "To, akwai dai wani da ya kira ni."

In na rufe shago, abin da nake yi don nishaɗi shi ne buɗe kwaɗon ƙofa. Ina sayen tsofaffi waɗanda makullinsu ya ɓata a wurin masu gwangwan, in zauna da guntuwar wayar ƙarfe in lallaɓa su. Ba na sayarwa, a kan ƙusa nake rataye su. Ranar Lahadi kuma ina ɗaukar zem, babur ɗin haya, in haye gada zuwa Avotrou in jefa ƙugiya a bakin ruwa. Can ba na kunna waya.

Yanzu bari in ba ku labarin aikin da ya fi ba ni wahala, ku ga ko maɓalli ne ya warware shi.

Baba Isiyaku mai masauki ne, kamar yadda ubansa ya yi. Fatake daga Nijar da arewa a gidansa suke sauka, a magazarsa suke ajiye kaya. In Baba ya ce a ba wane kaya, ba a tambaya, lodi ake yi. Da can da ƙafa yake zuwa ya faɗa. Da gwiwa ta gaza, sai ya koma saƙon murya a waya. Akwai zauren hira da direbobi da fatake suka buɗe a waya, duk wanda ya yi sallama sai a sa shi, a nan Baba yake magana. Ba ya karatun boko. In rubutu ya shigo, duk wanda ke kusa shi yake miƙa wa wayar ya ce, "Karanta mini." A zauren gidansa na kwana lokacin da nake dako, bai taɓa tambayata daga ina nake ba sai da na ƙoshi.

Shekarar da aka rufe boda ita ce muguwar shekara. Manyan motoci suka yi layi suna tsatsa. Albasa ta ruɓe, direbobi suka koma zaman majalisa. Shagona ya yi shiru, har na koma gyaran caja da manna gilashin waya don a ɗora tukunya. Kaya suka taru a magazoji ba hanyar fita, kowa yana neman wanda zai ce masa ya samo hanya. Ɓarayi ba su taɓa samun kasuwa irin ta wannan shekara ba.

Wata safiya Hamidu direba, wanda ke riƙe da makullin magazar Baba, ya shigo shagona ba sallama.

"Garba, tashi. An fitar da dilolin atamfar wani baƙo jiya, Baba ya ce bai ce ba. Ni kuma da kunnena na ji muryarsa."

Ya kunna mini. Muryar Baba ce, ba shakka: "Ku ba shi kayan, na san shi." Na nemi saƙonnin baya a wayar Hamidu, na samo wannan maganar a watan azumi, kan wani mutum daban. Ɓarawon yana cikin zauren hirar tun tuni, yana tara muryar Baba. Abin da ya rage masa kawai ya aiko ta da sunan Baba.

Na tarar da Baba a zaure kan buzunsa. Sai da muka gama gaisuwa na ce, "Baba, wa ya kira ka shekaranjiya?"

"Mutane da yawa."

"Wanda ya ce ka karanta masa lamba."

"Af, wannan yaron. Mai ladabi ne. Ya ce ɗan wani baƙona ne na Dosso, yana maƙale a boda, ya yi kuskure ya sa lambata, saƙonsa ya faɗo wayata. Na ba mai shayi ya karanta masa."

"Baba, makullin gidanka ka ba shi."

"Baƙo ne a kan hanya, Garba. In ce masa me?"

Da lambar nan ɓarawon ya karɓe akwatin saƙon Baba, sai da muka jira kwanaki kafin ya dawo hannunmu. A kwanakin nan aikina duk na ƙafa ne. Na bi masallatai da gareji da rumfunan shayi ina cewa duk saƙon da ya zo da sunan Baba a yi watsi da shi. Baba ya sayar da filinsa ya biya mai atamfa, bai bari an kai magana ko'ina ba. Na ƙara wa wayar makulli na biyu, lambar sirri wadda ko an karanta saƙo ba a shiga sai da ita. Na sa ya haddace. Na ce ko ni na tambaya kada ya faɗa. Ya ce to.

Ba a yi nisa ba aka sake kiransa, da wata murya, wai daga ofishin kamfanin waya, za a rufe masa layi. Ya ba da ta farko, ya ba da ta biyu, ya yi wa mutumin addu'a. Allah ya sa Hamidu ya koyi hankali, ya zo da ƙafa ya tambaya kafin ya buɗe magaza. Ba a rasa kaya ba, amma fatake suka zauna. Babbansu ya sami Baba a gabana ya ce, "Alhaji, ba mu zarge ka ba. Amma dukiyar mutane ce. In aka sake, za mu kwashe mu koma wani gida." Baba ya ce sun yi gaskiya. Mai masauki in baƙi suka bar shi, ba sana'a kaɗai ya rasa ba. Ba wanda zai sake zama a zaurensa. Ajiye wayar kuma ba zai yiwu ba, gwiwarsa ba ta kai shi ko bakin titi.

Na koma shago na rubuta manhaja. Aikinta biyu. In saƙon rubutu ya shigo, ta tantance ko na lambar shiga ne. In shi ne, ta ɓoye shi, allo ya yi baƙi, ba mai gani. Na sa masa, na tafi ina jin na gama. Bayan kwana kaɗan na duba wayar, babu manhajar. Ya aika wani shago an cire.

"Baba, don me?"

"Wayata ce ko taka? Abu ya zo gidana a ce ba zan gani ba?"

Ku riƙe wannan. Makullin da mai gida ya tsana, ba ɓarawo ne zai cire shi ba, mai gidan ne.

Na sake gini. Wannan karon na bar masa maɓalli, in ya danna lambar za ta fito. Amma kafin maɓallin ya bayyana, sai murya ta yi magana. Tawa na ɗauka: "Baba, wannan lamba makullinka ce, kada ka ba kowa." Ya ji, ya yi dariya, ya ce ya yarda.

A sana'armu ba a yarda da "na yarda". Gwadawa ake yi. Na nemi izininsa na ce wata rana zan turo ɓarawo na ƙarya. Na samu wani direba da Baba bai san muryarsa ba, na koya masa abin da zai ce, na tsaya a bayansa. Ta cikin waya na ji muryata tana gargaɗi, na kuma ji Baba yana cewa, "Kada ka damu, ɗana, Garba ne, yaron gidan nan. Haka yake da tsoro." Ya danna, ya miƙa wa mai shayi.

Ranar Lahadi ina bakin ruwa a Avotrou, ko kifi ɗaya ban kama ba. Na nannaɗe zare na shiga unguwa in sayi banda don kada in koma hannu sake. A nan na tuna yayar Baba a unguwar take. Hajiya Rakiya, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Aure ya kai ta can, mijin ya rasu, ta ci gaba da bandar kifi. Sau ɗaya na taɓa ganinta a zauren Baba, ranar wani suna. Da ta shigo, mutumin da fatake ke durƙusa wa ya sauko daga buzu ya zauna a kan tabarma.

Na same ta tana juya kifi a kan ragar ƙarfe, hayaƙi ya rufe rumfar. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai. Ba ta daina aiki ba.

"Filin ma ya sayar?"

"Ya sayar, Gwaggo."

"Tun yana yaro haka yake. In aka aike shi da tuwo, sai ya dawo da kwano, ya ce ya haɗu da mai jin yunwa. Ni nake shan dukan. Me kake so in yi?"

"Magana za ki yi a cikin wayar nan, kamar yana gabanki."

Na miƙa mata takardar abin da na tsara, na ce zan karanta ta maimaita. Ta ce in ajiye, ba ni zan koya mata magana da ƙanenta ba. Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar ta riƙe ta kamar ludayi.

"Isiyaku. Ni ce. Lambar nan da ta shigo, ban yarda ka ba kowa ba, ko limamin Makka ne. In ka danna abin nan, da ni kake. Ka ce masa Yaya ta hana. Ajiye wayar."

Na ce ko za ta sake, akwai ƙarar kaza a ciki. Ta ce in bar kazar, ya san kazarta. Lambar sirri ta biyu ma na canza, ita na ba, ta haddace a take. Ta ɗaure mini kifi a takarda, ta ƙi karɓar komai, ta ce in gaya masa ya rage sukari.

Da na kunna wa Baba, yana kishingiɗe. Kafin ta kai ƙarshe ya tashi zaune ya gyara hula.

"Kai ka je ka kai ƙarata."

"Na je, Baba."

"Cire."

"Sai dai ka kira ta ka ce na cire."

Ya dubi wayar ya ce, "Bar shi."

Na sake turo ɓarawon ƙarya, bai samu komai ba. Amma ɓarawon ƙarya ba ya da yunwar na gaske, don haka ban ce wa fatake komai ba. Suna nan, rabin kayansu a ɗaure, suna jira su gani.

Na gasken ya kira wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zaure cike, ana cin shinkafa, babban fatake yana nan, ni ma ina nan. Baba ba ya kara waya a kunne, a fili yake sa ta kowa ya ji. Muryar wani dattijo ce wannan karon, mai tari. Ya gaishe shi da sunan ubansa, ya tambayi gwiwa. Ya ce shi abokin wani baƙonsa ne da ya rasu, ga shi a asibiti da jikarsa, ana so a turo masa taimako, amma yaron da ya cika masa abin ya sa lambar Baba bisa kuskure. Hamidu ya miƙa hannu zai karɓe wayar, na riƙe masa hannu. In mu muka hana yau, gobe ba ma nan.

Saƙon ya shigo. Allo ya yi baƙi. Muryar Hajiya Rakiya ta cika zauren, da kazarta. Da ta gama, maɓallin ya fito, fari, a tsakiyar allo.

"Alhaji, kana ji na? Yarinyar nan ba ta da lafiya. Lamba ce kawai."

Baba ya ɗora babban yatsa a gefen wayar. Ba wanda ya tauna abin da ke bakinsa. Na ga yadda abin yake cin sa, mutumin da bai taɓa juya wa mai roƙo baya ba.

"Malam," in ji shi, "ka ji da kunnenka. Yaya ta hana. Ni ba zan iya da ita ba."

"Wace Yaya kuma? Alhaji, girmanka ya wuce a ce mace ta..."

"Ba ka san ta ba ne. Wane asibiti kuke? In turo yaro da abinci yanzu, ya ga yarinyar."

Layin ya mutu.

Baba ya ci gaba da cewa "Alo, alo." Sannan ya kife wayar a kan buzu, ya dubi babban fatake. Shi kuwa ya sa hannu a tire ya ci gaba da cin abinci, ya ce wa Hamidu in an yi La'asar a kwance kayan nan a mayar da su ciki, ɗaurin yana ɓata atamfa.

Boda ta daɗe ba ta buɗe ba, amma ba wanda ya bar gidan. Manhajar yanzu tana wayoyin dattawa da dama a Zango. Rubutunta bai canza sosai ba, kowannenku zai iya kwafe shi a yini guda. Abin da ke cin lokaci shi ne, kowace waya sai na nemo wanda mai ita ba ya iya yi wa musu. Wani uwarsa ce, wani malaminsa, wani ƙaramar 'yarsa. Akwai wanda har yau ban samo masa kowa ba, shi ne nake kwana da tunaninsa.

Da yamma a ranar nan Baba ya sa na kira masa Avotrou. Ya ce, "Yaya, na yi yadda kika ce."

Ta ce, "To. Sukarin fa?"